Sifinja, Amaryar Ƙarfe

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Jazira, tun daga Kamlin har Mai Wurno, ya san akan ji lori tun kafin a gan ta. Kowane direba da irin busar ohonsa, har yara kan faɗi mai motar tun ƙura ba ta bayyana ba. To, 'yan'uwa masu karatu, a kan wannan mota nake so mu tattauna a wannan wata, domin ina ganin muna gab da rasa ta, alhali kuwa ba mu taɓa zama mun dube ta da idon basira ba.

Asalinta Bedford ce, samfurin TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1958. Mota ce kawai ta ɗaukar kaya, ba ado ba kwalliya. Da ta shigo Sudan sai maƙeranmu na Shandi da Bur Sudan da sauran garuruwa suka ga ba za ta jure wa rairayi da laka ba. Sai su kwance ta ɗungurungum, su ƙara wa gadonta ƙarfe, su ninka sifirin, su ƙara tankin mai, su gina mata sabon jiki. Motar da Bature ya yi don tan 5 ko 6 sai ga ta tana ɗaukar tan 9. Saboda laushin tafiyarta aka laƙaba mata suna Sifinja, wato silifas ɗin soso da muke sawa a ƙafa.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne kwalliyar. Kawuna ya yi shekaru yana karen mota, wato musa'id, kuma a wurinsa na fahimci cewa direba ba ya ɗaukar motarsa a matsayin ƙarfe. Amarya ce. Akan yi mata labule mai tuntaye a gaban gilashi, a lulluɓe kujeru da yadi mai sheƙi, a kafa mata gashin jimina, a rataya sarƙoƙi masu kaɗawa. A jikinta kuwa mai fenti zai zuba furanni da taurari da tsuntsaye, ja da kore da ruwan ƙwai, sannan ya rubuta Ma sha Allah da rubutu mai kyau don tsoron kambun baka. Duk wannan da hannu ake yi, ba ma'auni sai ido, kuma ba za ka taɓa samun biyu iri ɗaya ba. Mutum ya kwana uku a hanya bai yi wanka ba, amma da an tsaya sai ya ɗauki tsumma ya fara goge amaryarsa.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. Alhazan da ke zuwa daga Kano suna ba da labarin motocin katako masu zanen zaki da dawaki, da karin magana a goshi, kamar haƙuri maganin zaman duniya. A Pakistan ma wannan Bedford ɗin ce suke yi wa ado. Har wata Bajamushiya mai bincike, Valerie Hänsch, ta yi fim a kan Sifinja a shekarar 2009. Abin kunya, baƙo ya taso daga Jamus don ya ga abin da ke wucewa ta ƙofar makarantarmu kullum, mu kuwa malamai muna ce wa yara fasaha sai a littafi. Ɗan manomin auduga da bai taɓa shiga gidan ajiye zane-zane a Khartum ba, ina ya fara ganin yadda ake haɗa launi in ba a jikin lori ba?

Sai dai zamani ya juya. Tun cikin shekarun 1980 kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci, kayan gyara suka yi wuya. A shekarar 2000 aka buɗe masana'antar Giad a nan kusa da mu, sababbin motoci suka yawaita. Su kuwa adonsu takarda ce mai gam, kwamfuta ta buga, a manna yau rana ta cinye gobe. Ban ce ba su da amfani ba, sun fi sauri. Amma yaron maƙeri ba ya koyon komai daga manna takarda.

Sannan ga yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekarar, tsofaffin lorin nan na cikin motocin da suka kwashi mata da yara da katifu zuwa Sinnar da Gadarif. Wasu an ƙwace su a hanya, wasu an ƙone. Maƙera da masu fenti sun warwatsu, kowa ya nufi inda zai tsira da ransa, kuma sana'ar nan a hannu take da ido, ba a rubuce ba.

Bayan da muka koma aji, na ba 'yan aji huɗu farar takarda na ce kowa ya zana motar da ya fi sani. Yawancinsu Land Cruiser suka zana, wadda ake kira Tatshar, da bindiga a bayanta. Yarinya ɗaya ce ta zana Sifinja, da labulenta da furanninta. Ta ce ita ce ta kai su Gadarif, kuma har yanzu tana iya kwaikwayon busar ohonta. Na manna zanen a bangon aji, kusa da allo.