Quevedo, Garin Katakon da Ke Tashi Sama

Ƙannena, yau mu leƙa ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka, mu sauka a garin Quevedo da ke lardin Los Ríos. Wuri ne mai zafi da yawan ruwan sama, inda gonakin ayaba da koko ke maƙwabtaka da na bishiyar balsa. Bishiyar ba ta ɓata lokaci: cikin shekara 5 zuwa 7 ta isa sara. Ɗanyenta cike yake da ruwa, amma in aka busar da ita, sai katakon ya zama sakayau. Daga nan Thor Heyerdahl ya samo gungumen kwale-kwalensa Kon-Tiki a 1947.

Masu ƙera ƙananan jiragen sama na gwaji ba sa saye ido rufe. Sukan yanko sanduna masu tsawo da kauri ɗaya, su danne kowace a bakin tebur, su rataya mata nauyi ɗaya. Wadda ba ta lanƙwashe sosai ba, kuma ba ta da nauyi, ita ke zama ƙashin fiffike.

Sai dai farin jini ya jawo wa balsa. A 2020, buƙatar masu ƙera fankokin lantarki na iska ta sa aka yi ta sare ta har cikin dajin Amazon. Mu da muka san kwararowar hamada, ba sai an faɗa mana illar wannan ba.