Kaka da Jika: Makarantar da Ba Ta da Bulala

A gidan Bahaushe mutum biyu ne za su yi wa juna tsiya da safe, da dare kuma a same su suna cin tuwo a kwano ɗaya: kaka da jikanta. Ita tana ce masa "maigidana, yau ma ba kuɗin cefane?" Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, sai kin yi sabon haƙori tukuna." Da muna yara a ƙasar Yauri mun ɗauka wasa ne kawai. Sai da furfura ta kama ni, jikokina suka fara ja mini gemu, na gane cewa wasan nan shi ne ƙofar da ilimin gida yake bi ya shiga zuciyar yaro.

Dalilin a fili yake. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa. Uba kuwa tsawa ce tsakaninsa da ɗa. To, wa yaro zai tambaya abin da ke damunsa? Sai wadda aka kai shi ɗakinta ranar yaye, wadda ba ya jin nauyinta, ita ma ba ta jin nasa. A ɗakin kaka ne muka san wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi. A can aka tsoratar da mu da dodon ruwa, kuma ɗan bakin kogin Kwara ya san amfanin wannan tsoro, domin shi ya hana yara da yawa faɗawa gurbi mai zurfi kafin su iya iyo.

Mu mutanen wannan yanki muna da hujjar da ta fi ta kowa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cika, aka tayar da mutane wajen 44,000 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa ta nutse, gungunan da Gungawa suke noman albasa da gero a kansu suka shige ruwa. Gwamnati ta gina sababbin gidaje, amma ba ta iya kwaso sunayen wurare ba. Wanda aka haifa bayan tashin, a Yelwa ko Wara ko wani sabon ƙauye, bai taɓa taka gungun kakanninsa ba. In ya san inda kasuwarsu take, da inda Sarkawa ke kafa bukkokinsu lokacin su, da wane gida ne ke da sarautar ruwa, to mafi yawa daga bakin wata tsohuwa ya ji. Haka ma harshe: yara da yawa na Gungawa da Shangawa yau Hausa suke tashi da ita, ɗan abin da ya saura musu na yaren gida wajen kaka suka tsinta.

Marubutan wasu ƙasashe sun biya bashin da kakanni ke binsu. Maxim Gorky na Rasha, a littafin da ya rubuta kan ƙuruciyarsa a 1913, ya nuna yadda bayan rasuwar mahaifinsa kakarsa Akulina ta riƙe shi a bakin kogin Volga. Gidan cike yake da duka da faɗa, amma tatsuniyoyinta da tausayinta suka hana zuciyarsa bushewa. Camara Laye na ƙasar Gini, a littafinsa na 1953, ya ba da labarin zuwansa ƙauyen Tindican wurin kakarsa, wadda kullum take ganin ya rame, ta dinga cusa masa abinci. Duk wanda ya tashi a hannun kaka, in ya karanta wannan sai ya yi dariya, don ya san tasa ce aka kwatanta.

Mu fa? Tatsuniyoyin kakanninmu sun shiga takarda tun tuni. Frank Edgar ya tattara su aka buga tsakanin 1911 da 1913, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta aka buga a 1954, ta bayyana wasan jika da kakanni da bakinta. Amma a ganina mun ɗebi ruwa mun manta da rijiya: labaran sun samu shiga, mai ba da su ta tsaya a waje. Ko a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku ne ya hau kujerar mai labari yana ɗebe wa Musa ɗan sarki kewa, aikin da a gidajenmu tsofaffin mata ke yi kowane dare.

Abin da shekaru suka koya mini shi ne, abin da aka dasa wa yaro cikin raha ya fi wanda aka cusa masa da bulala daɗewa. Na manta da yawa daga abin da aka doke ni a kansa, amma ban manta gargaɗin kakata ba cewa kada in raina baƙon da ya sauka daga jirgi, don ban san ranar da nawa jirgin zai kai ni garinsu ba.

Saboda haka, 'ya'yana, ku bar jikoki su kwana ɗakin kakanninsu, kada ku ce za a sangarta su. Ku kuma samari masu waya a hannu, matan da suka ga gungunan nan da idonsu kafin 1968 sun tsufa, kullum raguwa suke yi. Ku je ku zauna gabansu, ku tsokane su yadda aka saba, ku naɗi muryarsu, ku rubuta. Wanda Allah ya ba baiwar alƙalami a cikinku, ya rubuta mana littafin da kakar Yauri za ta zama tauraruwarsa. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu da rahama.