Inuwar Da Muka Gada

'Yan'uwana mata, yau maganar itace zan yi da ku, domin mu ne masu hura wuta.

A shekarar 1933 tattalin arzikin Amurka ya karye, samari suna ta gararamba babu aikin yi. Sai Shugaba Roosevelt ya kafa wata runduna ta samari, ba ta yaƙi ba, ta dashen itatuwa da tare zaizayar ƙasa. Dala 30 ake biyan yaro a wata, a aika wa iyayensa da 25. Kafin a rufe shirin a 1942 samari wajen miliyan 3 sun shiga, sun dasa itatuwa kusan biliyan 3. Har yau jikokinsu na gyara gine-ginen da suka bari, suna adana hotunansu, don kada a manta.

To mu fa? Mu ma ai muna da namu. Darbejiyar nan da muke shanya a gindinta ba 'yar ƙasa ba ce, asalinta Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Barno. Bayan farin 1973 gwamnati ta ƙara himmar dasa dogayen layukan itatuwa a arewacin Kano, har da ƙasarmu ta Dambatta da Makoɗa, don su karya ƙarfin iska. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana cikin leburorin da suka yi irin wannan aiki. Da rani sukan yi jigilar ruwa su bi dashe ɗaya bayan ɗaya, su kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da kuɗin ya saya mini littattafan sakandare. Shi bai bar hoto ba, itatuwan nan su ne hotonsa.

Amma ki duba layukan yanzu, duk giɓi kamar bakin tsohuwa. Wa ya sare? Za a ce masu gawayi. To gawayin a murhun wa yake ƙarewa? Ban ce laifinki ba ne, 'yar'uwa. Gas ya yi tsada, kara ba ya kai mu damina, maigida kuma tuwonsa yake jira. Sai dai ranar da iskar farkon damina ta binne gero da rairayi, aka sake shuka sau biyu, mu ne dai za mu ga rumbu ya yi ƙasa tun kafin kaka.

Akwai abin da ke hannunmu. Murhun laka mai rufaffen gefe ba ya cin itace kamar duwatsu uku. Ki jiƙa wake kafin ki ɗora, ki rufe tukunya. In maigida zai yi sara, ki lallaɓa shi ya rage reshe ya bar uwar, za ta sake tofowa. Mutanen Maraɗi tun bayan farin 1984 suke barin tohon kututture ya girma a gona, gawo ya dawo musu.

Sannan ki nuna wa ɗanki bishiya ki ce, "Wannan kakanka ne ya shayar da ita." Yaron da ya san mai ita zai ji nauyin ɗora mata gatari.

Allah ya jiƙan waɗanda suka dasa, ya ba mu ikon riƙe amana.