Zo mu zauna, zo mu saɓa: maƙwabtan kifin beta

A ƙasar Tailan, wadda a da ake kira Siyam, akwai wani ɗan kifi da tsawonsa bai cika wuce santimita 7 ba. Mutanen ƙasar suna ce masa "pla kat", watau kifi mai cizo; Faransawa kuwa sun raɗa masa "combattant", mayaƙi. A 1910 masanin kifaye na Ingila, Charles Tate Regan, ya ba shi sunan da kimiyya ta san shi da shi, Betta splendens, a 2019 kuma gwamnatin Tailan ta ɗauke shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Kyawun launinsa ya kai shi gidaje a ko'ina cikin duniya. Sai dai duk wanda ya zuba shi cikin akwatin gilashi, ba a jimawa tausayi ke kama shi: kifi guda, shi kaɗai, yana kai da kawowa. Nan tambaya ke tasowa: wa za a kawo masa abokin zama?

Amsar tana can gidansa na asali, cikin gonakin shinkafa da fadamun kogin Chao Phraya da na Mekong, inda ruwa ke kwance, da ɗumi, ba zurfi, iskar shaƙa kuma ta yi ƙaranci. Allah ya hore masa wata gaɓa cikin kai da yake shaƙar iska da ita a saman ruwa, kamar yadda tarwaɗa ke yi a tafkunan Nijar. A saman ruwan ne namiji ke gina sheƙa da kumfar bakinsa, ya tara ƙwai ciki, ya tsare su, har uwar ma ya kore ta. Faɗansa ke nan tsaron gida ne. A fadama rikicin ba ya daɗewa, domin wanda aka fi ƙarfi yana kutsawa cikin ciyawa ya tsira. Amma mutane sun share ɗaruruwan shekaru suna zaɓen mafi zafin rai don gasar faɗa da caca, daga baya wasu suka zaɓi mai doguwar wutsiya don ado. Kifin da ke kasuwa yau ya gaji abu biyu: zuciyar mayaƙi da babbar riga mai hana sauri. Gilashi kuwa ba shi da mafita.

Saboda haka akwai waɗanda ba a haɗa shi da su. Na farko, wanda ya yi kama da shi: wani namijin beta, ko danginsa gurami, ko namijin gufi mai wutsiya kamar mafici, domin duk abokan gaba ne a idonsa, ko madubi aka kanga masa sai ya kumbura yana shirin yaƙi. Na biyu, masu saurin iyo da cizo, irin su barbus mai zanen damisa na Sumatra, da ke yagar masa fikafikai, raunin ya zama ƙofar cuta. Na uku, wanda ruwansu ba ɗaya ba ne, kamar jan kifin ado na ƙasar Sin, mai son sanyi, alhali beta na bukatar digiri 24 zuwa 28.

Maƙwabcin kirki shi ne wanda ba ya neman abin da beta ke tsaro. Koridoras, ɗan ƙaramin dangin tarwaɗa daga Amurka ta Kudu, yana kiwo a ƙasa bisa yashi, bai damu da sama ba. Kuli na Indunusiya da Maleziya, siriri kamar tsutsa, yana wuni a ɓoye, sai dare ya fito. Rasbora mai baƙin tabo tana yawo a tsakiya, ba ta da cizo. Dodon koɗi na nerit yana lasar gansakuka a jikin gilashi, in an taɓa shi ya shige ɓawonsa. Ƙananan jatan lande dai sau da yawa abinci suke zama.

A nan lissafi ke shigowa. Koridoras da kuli da rasbora duk ƴan garke ne. In ba su kai kamar shida ba, tsoro ke cinye su. Wanda ya ce zai ƙara kifi ɗaya, garke ne zai ƙara. Masu kiwo sun saba ware wa beta shi kaɗai lita 20. Kafin a kawo garke, sai an kai lita 60, da matatar ruwa marar ƙarfi, da tsirrai masu kare ido daga ido. Ana fara zuba baƙin, beta ya zo daga ƙarshe, don kada ya ɗauki akwatin duka gadonsa ne. Ana kuma ajiye wani mazubi a shirye, domin hali ya bambanta: wani beta ya kau da kai, wani ya yi ta farauta har ya kashe. Mai kiwo a Maraɗi ko Damagaram yana da ƙarin dalilin taka-tsantsan: zafin bazara na rage iskar da ke cikin ruwa, beta ya hau sama ya shaƙa, rasbora kuwa ba ta da wannan dabara.

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Amma masu saɓawa a gari suna da ƙofa, suna da mai unguwa, suna da ikon yin ƙaura. Kifin gilashi bai zaɓi maƙwabcinsa ba, ba ya kuma iya barinsa. Alhakin zaman duka yana wuyan wanda ya haɗa su. Kaɗaicin da ake tausaya wa beta a kansa, a zuciyar mai kallo yake. Wanda akwatinsa bai wuce lita 20 ba, ya ba shi ruwa mai tsabta, da ganye, da dodon koɗi guda in ya so. Wannan ya ishe shi jama'a.