Fankar Inna Da Ƙaramin Sanina

Da bazarar bara na ɗauko mahaifiyata daga Magarya zuwa gidana da ke cikin garin Wurno, saboda tari da ya matsa mata. Duk wanda ya san gabashin Sakkwato, daga Raba har Goronyo, ya san yadda watan Afrilu yake: zafi kan haura digiri 40 da rana, bango kuma ya kwana yana amayar da abin da ya sha. Ɗakin da na sauke ta akwai fankar sama, amma regiletarta ta daɗe da mutuwa, an haɗa wayar kai tsaye. Idan an kunna sai ta zuba gudu iya ƙarfinta. Da dare Inna na son iskar, amma daga sulusin ƙarshe zuwa asuba sai tarin ya taso, ta tashi ta kashe, zafi kuma ya hana ta komawa barci.

Da na shiga Sakkwato na biya wani shagon kayan lantarki. Na tarar da regileta, na kuma ga wani makunni mai murɗawa da ake kira dima, wanda aka yi don rage hasken kwan fitila. Siffarsu kusan ɗaya, dimar ta fi araha, kuma ba ta da matakai, sai yadda ka murɗa. Na ce a raina, abin da ya rage wuta ga kwai ai zai rage ta ga fanka. Na saya, na ɗaura da hannuna, ina alfahari da ɗan kimiyyar da na karanta a sakandare.

Ta kuwa yi aiki. Fanka ta sassauta, sai dai ta soma wani gurnani kamar na zuma a cikin amya. Inna ta ce da ni, “Ɗan nan, fankar ga kuka takai.” Na yi dariya na ce sabon abu ne, za ta saba. A dare na tara ƙaurin roba ya tashe ni. Na tarar wutar ta zo da rauni, fuka-fukan sun tsaya cak, kan fankar ya yi zafin da ba ya taɓuwa, hayaƙi na fita a ƙarƙashin silin, Inna kuma tana barci a ƙasansa. Allah ne Ya tsare.

Washegari na kai gawar fankar wurin wani dattijo mai naɗin koyil. Ya buɗe ta, ya nuna mini zaren jan ƙarfe da ya koma baƙi, sannan ya juya dimar a tafinsa ya ce, “Malam, wanga ba na fanka ba na. Kai ka kashe ta.” Bai riƙe takardar shaidar komai ba, amma bayaninsa ya yi daidai da abin da na karanta daga baya.

Wutar da ke shiga gidajenmu a Najeriya ana nufin ta zo a kan bolt 230, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Dima ba ta rage wannan wuta a hankali kamar yadda ake rage ruwan famfo. Datsa ta take yi: a kowane zuwa da kowace komawa takan tare farkon wutar, sannan ta sake ta a lokaci guda, wato sau 100 a daƙiƙa. Tsohon kwan fitila bai damu ba, domin zare ne kawai da ke ɗaukar zafi ya ba da haske. Ita kuwa fanka inji ce mai naɗin waya da kwandansa, maganaɗisu ne ke juya ta, kuma yana son wuta mai tafiya sumul. Datsattsiyar wuta na girgiza koyil, wannan shi ne kukan da Inna ta ji, tana kuma ƙara masa zafi. Mafi muni, dima na barin ka murɗa har ƙasan abin da zai iya juya fuka-fukai. Sai injin ya tsaya alhali wuta na ci gaba da ratsa shi, babu iskar da za ta sanyaya shi, har rufin zaren ya narke. Regiletar fanka ta gaskiya, ko mai matakai ce ko mai murɗawa, an gina ta ne da sanin halin inji, kuma mai kyau ba ta barin gudu ya faɗi ƙasa da wata iyaka.

Kuɗin da na yi tattali wajen saye bai kai rabin abin da na biya na naɗi ba, balle a yi maganar ran da na sa a haɗari. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma mu da muka ɗan zauna a aji mun fi kowa faɗawa cikinsa, domin muna jin nauyin tambayar mai sana’a. Ina roƙon masu shaguna su riƙa tambayar mai saye abin da zai yi da kaya, domin rubutun kwali Turanci ne, ƙanana kuma. Ɗalibanmu na kimiyya su riƙa zama a rumfar masu gyara. Magidanci kuma, idan fanka ta soma gurnani ko ta ƙi tashi sai an tura ta da sanda, ya kashe ta har a duba.

Dattijon ya ɗaura mana regileta mai mataki biyar. Inna takan kwana a kan lamba biyu, ta kuma koma Magarya da saukar damina, tarin ya lafa. Dimar na cikin akwatina har yau. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ji matsalar tun daren farko, ni kuma na yi mata dariya.