Koren Shayi da Ƙwayar Ƙarin Jini: Darasin da Na Koya a Gidanmu

Ni ne na fara kai koren shayi gidanmu da ke Unguwar Boro. A kasuwar Sabon Tasha na saye shi, don mahaifiyarmu ta rage shan shayi mai madara da sukari. Ashe ƙanwata, wadda ta zo gida da cikin wata 5, da shi take haɗiye ƙwayar ƙarin jininta kowace safiya. Da ta koma awo, aka ce jinin bai ƙaru yadda ake so ba. "Yaya, ban tsallake ko rana ɗaya ba," in ji ta. Gaskiya ta faɗa. Sakacin nawa ne: kullum ina yi wa marasa lafiya bayanin magani a asibiti, amma na ajiye kwali a gidanmu ban ce uffan ba.

Koren shayi da baƙin shayi ganyen itace ɗaya ne, irin wanda ake nomawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba. Bambancin shi ne, ana turara koren ko a gasa shi da zarar an tsinko, don haka yake riƙe sinadaran da ake kira katekin. Amfaninsa na gaske ne, sai dai yana da iyaka. Yana ɗan rage mugun kitse a jini, yana wartsake mutum, kuma idan ba a zuba sukari ba, ba ya ƙara ƙiba. Wani bincike da aka wallafa a 2006, wanda ya bi mutum sama da 40,000 a Japan, ya nuna masu yawan shansa ba su cika mutuwa da cutar zuciya kamar sauran ba. Amma wannan bai mai da shi magani ba, kuma ba ya narkar da teɓa kamar yadda masu talla ke faɗa.

Sinadaran nan masu amfani su ne kuma suke kama sinadarin ƙarfe a hanji, su rage shigarsa jini. Abin da ya sami ƙanwata ke nan. Muka koma haɗiye ƙwayar da ruwa zalla, shayin kuma kofi ɗaya bayan awa 2. Da ta sake zuwa awo, jinin ya ɗaga.

Saboda haka, idan kina da ciki ko ƙarancin jini, ki raba shayi da ƙwayarki, ki raba shi da lokacin cin abinci. Yana kuma ɗauke da kafeyin, kimanin miligiram 30 a kofi guda, wanda kan hana wasu barci ko ya sa su faɗuwar gaba. Idan kana shan maganin hawan jini ko na tsinka jini, ka shaida wa likita ko mai harhaɗa magani, domin yakan rage ƙarfin wasu, irin su nadolol. Kada ka taɓa ajiye maganinka ka dogara da shayi. Ka yi hattara da ƙwayoyin da aka tace daga ganyen: a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta yi gargaɗi cewa yawansu na iya taɓa hanta.

Ga mai lafiya, kofi 2 ko 3 a rana sun wadatar. Ka bar ruwan ya ɗan huce bayan ya tafasa, ka jiƙa ganyen minti 3, ka sha ba sukari. Shayin Buzaye ma koren ganye ne, amma sukarin da ake zuba masa yakan cinye ribar.

Har yau kwalin nan yana gidanmu, mahaifiyarmu na shan abinta da hantsi. Ni kuwa a asibiti, duk wadda na miƙa wa ƙwayar ƙarin jini sai na tambaye ta: da me za ki haɗiye?