Ganye Ba Abincin Talauci Ba Ne

Duk mai karanta littattafanmu na soyayya ya san yadda ake gane gidan mai kuɗi. Da zarar jaruma ta buɗe kuloli, sai ka ji soyayyun kaji, farfesun kayan ciki da dambun nama. A fim ma haka abin yake. In kuwa aka nuno yarinya tana cin kwaɗon zogale ko garau-garau, to an gama gaya maka 'yar talakawa ce, jira take wani Alhaji ya zo ya cece ta. Wallahi wannan hoton ya fi ƙamshin tsire wahalar da ni tun da na rage cin nama.

Shekara uku ke nan da likita ya ce jinina ya hau, ya ɗora ni kan magani, ya ce in rage gishiri da maiƙo. Da na tuna shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da mahaifinmu, sai na ƙudura komawa ga abin da ƙasa ke fitarwa: hatsi, wake, ganye da 'ya'yan itatuwa. Ban haramta wa kaina abin da Allah Ya halatta ba, don ranar layya nakan taɓa tsoka ɗaya.

To amma fa, mai karatu, zama a Kano da irin wannan niyya sai mai haƙuri. Magariba na yi, ga mai tsire, ga mai shawarma, ga mai shayi yana soya indomi da ƙwai. Ka buɗe waya, hotunan gasassun kaji ne ke binka. Duk wannan da sauƙi a kan bakin mutane. Ka je biki ka ture naman gefe, sai wani ya ja ka lungu ya ce, "Malam, ko dai babu ce? Ka faɗa mana." Gwaggona kuwa cewa ta yi, "Ɗan nan, akuya ka koma?" Kunyar a ce ka talauce ita ke karya yawancin masu niyya, tun kafin kwaɗayi ya karya su.

Abin da ya riƙe ni na farko shi ne sanin dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali guda. A 2015 sashenta mai binciken ciwon daji ya sanya sarrafaffen nama irin su sosej cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanji.

Sai kuma tukunyar iyayenmu, domin da tsohuwar zuma ake magani. Ba ƙasar da ta kai Nijeriya noman waken nan namu, ga ɗanwake, ga alale, ga ƙosai. Ga awara, ga faten acca da yakuwa, ga dambun zogale, ga kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Miyar kuka in ta ji daddawa, ba ta neman dunƙulen ɗanɗano barkatai. Ba na zuwa biki da yunwa, sai na ci ɗanwakena a gida, don cikin da ya ƙoshi ba ya jin kiran tsire. Sai dai a kula, sinadarin bitamin B12 ba a samun sa a ganye, shi ya sa nake shan nono jefi-jefi, wanda ya bar shi ma sai ya nemi ƙwayar a wurin likita.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya mun san Amitabh Bachchan, wanda aka haifa a 1942, ya daɗe da barin nama, kuma ba wanda ya taɓa ce masa babu ce ta hana shi. Rokona ga marubutanmu da furodusoshi shi ne, ko sau ɗaya a nuna Hajiya a falonta tana cin kwaɗon zogale da marmari. Mu masu hawan jini za mu samu bakin ba gwaggonninmu amsa. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.